Daga Birnin Kebbi Zuwa Dole Kaina: Kwana Uku a Ƙasar Dandi

Motar Kamba ba ta da lokacin tashi, sai ta cika. Mai son ya isa da sauran rana, ya kasance a tasha a Birnin Kebbi kafin ƙarfe takwas na safe, domin motocin farko su ne ke cika da wuri, na bayan azahar kuwa sai a yi ta jiran mutum ɗaya har la'asar. Na yi tafiyar a watan Janairu, lokacin hunturu, kuma da gangan na zaɓi lokacin: hanya ta bushe, an fara noman rani, ga shi kuma kogin Kwara ya cika. Nisan kilomita ɗari ne da ɗoriya ta Kalgo da Bunza. Akwai wata hanyar ta Kangiwa, cikin ƙasar Arewa, amma ta Bunza ce ke nuna wa baƙo yadda ƙasar take.

Ka riƙe katin shaida a aljihun gaba, ba a ƙasan jaka ba. Daga Bunza zuwa gaba shingaye suna ƙaruwa, kuma ba nisan hanya ke cin lokaci ba, tsaye-tsaye ne. Tafiyar da ba ta wuce awa biyu ba takan kai uku. Tun ƙarshen 2024 da maganar 'yan bindigar Lakurawa ta ɓulla a arewacin Jihar Kebbi, direbobi da kansu suke gudun tafiyar dare a wannan yanki, don haka kada ka tsara dawowa bayan magariba.

A Bunza ake tsallake Gulbin Kabi, wato ruwan Sakkwato da Rima da ya haɗu ya gangaro zai faɗa Kwara. Daga kan gada za ka ga abin da ya raba ƙasar nan gida biyu. Ƙasa can ga fadama, baƙar laka, kore shar ko da rani. Sama kuma ga tudu, jigawa mai rairayi, da tsaunuka masu shafaffen kai da marmara ta rufe. Mai gona a tudu yana jiran sama, ya shuka gero da dawa da wake da gyaɗa daga Yuni zuwa Satumba. Mai gona a fadama yana jiran gulbi. Duk abin da na gani daga nan har bakin iyaka, kasuwa ko sarauta ko rikicin gona, a kan wannan rabo ya tsaya.

Ƙaramar Hukumar Dandi ita ce kusurwar da Najeriya ke haɗuwa da Nijar ta yamma, ta kuma leƙa Benin ta kudu maso yamma, a kan Kwara. Hedikwatarta Kamba. Faɗinta murabba'in kilomita dubu biyu ne da ɗan kai, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum dubu 144 da 'yan kai. A da ita da Arewa ƙaramar hukuma ɗaya ce mai hedikwata a Kangiwa, kuma har gobe kujerarsu ɗaya a Majalisar Wakilai. Ta fuskar sarauta tana ƙarƙashin Argungu, ɗaya daga masarautu huɗu na jihar da aka cire daga Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991. Maƙwabciyarta Bagudo kuwa ta Gwandu ce, kuma wannan bambanci ba haka kawai ya faɗo ba, zan zo kansa. Manyan garuruwan da za ka riƙa jin sunansu a tasha su ne Fana da Kyangakwai da Geza da Shiko da Kwakkwaba da Dole Kaina. Hakimin Kamba ana kiransa Sarkin Shiko.

Sunan kansa yana sa baƙi murmushi, saboda a Hausar Kano in an ce wane ya tafi yawon dandi ba yabo ba ne. A nan sunan ƙasa ne, kuma tsoho. Dendi kalma ce ta Songhai, tana nufin gangaren ruwa, wato kudu in ka biyo Kwara daga Gawo. Ita ce lardin kudu na daular Askiya. Da sojojin Maroko suka karya Songhai a Tondibi a 1591, nan 'ya'yan gidan sarautar suka gangaro, Askiya Nuhu ya ci gaba da yaƙi daga Dendi shekara da shekaru. Kafin wannan ma, a farkon ƙarni na 16, Muhammadu Kanta ya ɓalle daga Askiya Muhammad ya kafa Kabi da birninsa na Surame. Ke nan ƙasar nan ta daɗe a tsakanin manya biyu, Songhai ta yamma, Kabi ta gabas, tun ba a haifi wanda zai zana taswira ba.

Su kuma waɗanda suka riga kowa zama, Kyangawa ne. Kyangakwai, da ake wucewa kafin Kamba, tsohon garinsu ne. Harshensu ɗan'uwan Busanci da Shanganci ne, ba shi da dangantaka da Hausa ko Dendanci, kuma ya kusa ɓacewa: mafi yawan Kyangawa yau Hausa ko Dendanci suke yi, sai 'yan ƙauyuka ta wajen Illo da suka riƙe shi. A kasuwar Kamba cikin minti goma kunnena ya ji Hausa da Zabarmanci da Dendanci da Fillanci, da Faransancin lissafi. Hausar kuma ta yamma ce tsantsa. Mai shayi ya dube ni ya ce, "Malam, mi kaka so? Yanzu munka sauke ruwan zahi." Wanda ya taso da Hausar rediyo sai ya yi kwana ɗaya kafin kunnensa ya zauna.

Batun Argungu da Gwandu. A 1805 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo suka ci Birnin Kebbi, ƙasashen yamma kuma suka koma hannun Gwandu. Kabawa ba su haƙura ba, suka sake kafa gari a Argungu, kuma a 1849 Yakubu Nabame ya ɗaga tuta. Arewa da Zabarma da Dandi suka mara masa baya. Tun daga nan, in ka cire zaman sulhun da ake kira Lafiyar Toga, zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, ƙasar ba ta bar ƙarar kofato ba har zuwan Turawa. Da Ingilishi suka iso a 1902 Sarkin Kabi Sama'ila ya karɓe su, aka tabbatar masa da ƙasashen da ke bin sa. Shi ya sa Dandi take Argungu, alhali motar da ta kawo ka ta ratsa ƙasar Gwandu tun daga Birnin Kebbi har Bunza.

Na ba da yini guda ga layin iyaka, domin shi ne abin da aka fi yi wa gurguwar fahimta. Ba sau ɗaya aka zana shi ba. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a takarda daga Say zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi, ba tare da ɗayansu ya san ƙasar ba. A Yunin 1898, a Paris, suka sake: layin ya taso daga Kwara, mil goma sama da Giri, mashigin jiragen Illo, ya bi tsakiyar kwarin Dallol Mawri, har ya haɗu da wata da'ira da aka zana a nisan mil ɗari daga tsakiyar birnin Sakkwato. Faransawa suka ga wannan da'ira ta tura hanyarsu ta zuwa Damagaram cikin daji marar rijiya, suka yi ta ƙorafi. Aka gyara a 1904, aka sake gyarawa a 1906, layin ya matso gabas, kwarin Mawri da Dogon Dutsi suka koma wajen Faransa. Daga 1906 zuwa 1908 ayarin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamomi, guda 148, daga Kwara har Chadi. Na farkon nan kusa suke, a ƙasar Dandi.

Abin lura shi ne, ba dutse ko gulbi layin ya bi ba a wannan yanki, gonaki ya ratsa. Mai babur ɗin da ya kai ni ya tsaya a wata gonar gero da aka girbe, ya nuna kara da ƙafa ya ce, "Wanga kunya tamu ta, waccan ta Faranshi." Har yanzu tsofaffi Faranshi suke ce wa Nijar. Babu waya, babu rami. Mutum yana kwana a ƙasa ɗaya, gonarsa da surukansa da maƙabartar kakanninsa suna ɗayar. A ganina duk wanda ya ɗauki Kamba a matsayin ƙarshen hanya ya karanta taswirar a juye. Garin tsakiya ne: Gaya ta Nijar ba ta kai tafiyar awa ɗaya ba, Malanbil ta Benin tana tsallaken gadar Gaya, Birnin Kebbi kuwa ta fi su nisa nesa ba kusa ba.

Wannan tsakiyanci ya girmi layin. Fataken goro da ke zuwa Gwanja daga Kano da Sakkwato ta Jega suke biyowa, su tsallake Kwara a Illo ko Gaya, su ratsa Borgu zuwa Salaga. Kayan da ƙasar nan take zuba wa ayari shi ne gishiri. Kwarin Foga, wanda ke haɗuwa da na Mawri arewa da Gaya, ƙasarsa gishiri ce. Bature Barth ya ratsa shi a 1853 kan hanyarsa ta zuwa Say ya ga ana dafawa, kuma aikin bai sauya sosai ba. Da rani ake yi, in ƙasa ta bushe ta yi farin busa. A kankare saman, a zuba cikin wani mazurari na kara da ciyawa, a kwarara ruwa, ruwan gishirin ya tsiyaye cikin tukunya, a dafa har ya kama, a cura shi, a naɗe da kaba. Abu biyu ke ɓata shi: ruwan sama ya faɗo kafin a kwashe ƙasar, ko itace ya ƙare wuta ta mutu a tsakiyar dahuwa, gishirin ya fito da danshi ya narke a hanya. Yau kwarin yana Nijar, gishirinsa kuma yana kasuwar Kamba, makiyaya na saye don dabbobi. Haka azara da muruci: dajin giginyar da ke kwarin Mawri shi ke rufa ɗakunan mutanen ɓangarorin biyu.

Ga mai niyyar ƙetarewa ta ƙofa, ga abin da ake bukata. Fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa. Nijar ta fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu, 2025, amma ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardun juna har sai an sanar da wani abu, don haka a tambayi halin da ake ciki kafin a taso. Mai mota yana bukatar takardun motar na asali, da inshorar ƙetare, da takardar izinin shiga da mota na wucin gadi da ake yanka a can. Agogo ba ya canzawa, ƙasashen uku lokacinsu ɗaya. Waya kuwa tana canzawa ba ta gaya maka ba: tun kana ƙasar Najeriya layinka yakan kama na Nijar, kuɗin kati ya tsiyaye, sai ka shiga saiti ka zaɓi kamfaninka da hannu.

Inda baƙo ya fi faɗuwa shi ne lissafin sefa. Ba da faran ake ƙirga ba, da dala ake yi, kuma dala ɗaya faran biyar ce. In mai kaya ya ce dala ashirin, faran ɗari yake nufi. Dala ɗari, faran ɗari biyar. Jika ɗaya, faran dubu. Wanda ya ji "ɗari" ya miƙa tsabar da aka rubuta 100 a kanta, sai a dube shi a yi dariya. Wanda kuma yake sayarwa bai san wannan ba, shi ba dariya zai sha ba. Sefa a ɗaure take da Yuro, saboda haka in canji ya motsa, galibi naira ce ta motsa. Ka tambayi 'yan canji biyu ko uku kafin ka ba da kuɗinka, ka kuma ƙirga a gabansu.

Ƙofar nan ta sha rufewa. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019. A Disambar 2020 aka buɗe huɗu, babu Kamba a ciki, sai Afrilun 2022 aka buɗe ta tare da Jibiya da Idiroko da Ikom. Aka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli, 2023, aka sake rufewa, sai Maris na 2024. Ba abin da ya tsaya cak a waɗannan shekaru, kaya dai sun sauka daga tirela sun hau babur da jaki da kwalekwale, farashi kuma ya ɗauki kuɗin wahalar. Abin da ya fi ƙona manoma shi ne dokar Nuwamban 2019 da ta hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita ashirin daga iyaka. Don masu fasa-ƙwauri aka yi ta, amma Kamba tana cikin wannan tazara, kuma shinkafar rani da fetur take sha.

A nan na fi daɗewa, domin shinkafa ita ce Dandi ta yau. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, fadamar da a da ake bar wa shanu da rani ta zama gona. Ruwa a kusa yake, 'yan mitoci kaɗan, sai a kafa bututu a ɗaura injin ban ruwa mai baki inci biyu ko uku. Irin da aka fi shukawa Faro 44 ne, mai nuna cikin wata huɗu ko ƙasa da haka kaɗan. Ana yin rainon iri, a cire a dasa yana da kwana 14 zuwa 21, tazarar santimita ashirin ta kowane gefe, dashe biyu ko uku a rami. Abin da malaman gona suka saba faɗa na taki shi ne buhu huɗu na NPK a kadada lokacin dashe, da buhu biyu na yuriya a raba shi biyu, rabi in ta fara 'ya'ya, rabi in za ta yi ciki.

Kurakuran kuma sanannu ne. Wanda ya zuba iri a tsakiyar sanyin Disamba, irin yakan tsaya ya yi ja, ya kai wata bai isa dashe ba, kuma tsohon iri ba ya 'ya'ya da yawa. Wanda ya makara kuma har furen ya haɗu da zafin Afrilu, sai ya sami zangarniya tsaye, rabinta ƙaiƙayi. Wanda ya watsa yuriya a busasshiyar ƙasa da rana tsaka, iska ya ciyar. Sai jan-baki, tsuntsun da ke sauka dubbai lokacin da ƙwaya ke nono. Yara da gwangwani da igiya suke kwana a kansa tun asuba. Bayan girbi, in ba a shanya ta sosai ba sai ta yi zafi a buhu ta yi baƙi, in kuma aka bar ta ta ƙone a rana sai ta kakkarye a inji, mai saye ya rage kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, masu hali sun koma famfo mai aiki da hasken rana, wasu sun juya injinansu zuwa gas. Shinkafar damina kuwa caca ce da gulbi: a 2020 ambaliya ta shanye gonakin jihar ana dab da girbi.

Rana ta uku na gangara Dole Kaina, kudu da Kamba, inda ƙasa ta ƙare a ruwa. Kaina da Zabarmanci ƙarami ke nan. Layin iyaka ya ratsa garin, wani sashe Najeriya, wani Nijar, kuma in ba a nuna maka ba, ba za ka san lungun da ka sauya ƙasa ba. Tsallaken ruwa Lolo ce, ta Ƙaramar Hukumar Bagudo, daga ita kuma sai Madekali ta Benin. Mahaɗar ƙasashen uku a cikin kogin take, babu abin da za ka ɗauka hoto sai ruwa.

Baƙo yakan yi mamakin ganin Kwara cike a Janairu, wata uku ba a ga ɗigon sama ba. Cika biyu take yi a shekara. Ta farko farin ruwa, na Agusta da Satumba, ruwan saman yankin nan ne, mai laka, mai gudu, shi ne ke cin gonaki. Ta biyu baƙin ruwa, ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini tun damina, ya shiga fadamun Mali ya yi watanni yana tafiya a hankali, ya zubar da lakarsa a can, ya iso nan garau daga Disamba zuwa Fabrairu. Sarkawa, masuntan yankin, da wannan kalanda suke aiki. In ruwa ya hau, kifi ya bazu cikin ciyawa, sai a kama shi da gura da mamari. In ya janye ya bar tafkuna, sai taru da homa. Abin da ke fitowa tarwaɗa ne da karfasa da kurungu da ragon ruwa, giwan ruwa kuwa ta zama sai an dace, kuma masunta da kansu suna ɗora laifin a kan raga mai ƙananan ido da ke kwashe 'ya'yan kifi. Mafi yawa banda ake yi, a jera a kwali, a loda zuwa kudu.

Tun da gadar Gaya da Malanbil ta daina aiki yadda aka saba bayan 2023, jiragen ruwa sun ƙaru a wannan yanki, manyan kwalekwale na katako masu inji a baya, suna ɗaukar mutane da babura da buhuna. Hatsarinsu ba asiri ba ne. Lodi ya wuce kima, tafiyar dare babu fitila, kututturen da ruwa ya rufe, iskar farkon damina da ke tasowa ba sallama, da dorina a inda ciyawa ta yi yawa. Kafin ka shiga, dubi gefen jirgin: in tsakanin bakinsa da ruwa bai kai kamu ɗaya ba, jira na gaba. Dubi ƙasansa ko akwai yaro mai kwarfe ruwa da bai huta ba. Ka zauna tsakiya, ka cire takalmi mai igiya, ka nemi rigar ruwa ko da za a yi maka kallon matsoraci.

Na bar jirgi biyu suka wuce, na shiga na uku. Matuƙin, wani dattijo Basarke, ya sa aka matsar da buhunan albasa baya kafin ya tayar da inji. Na ce, "Baba, ina ne Najeriya ta ƙare a ruwan nan?" Ya ɗaga haɓa wajen wani tsibiri mai ciyawa da shanu ke kiwo a kai, ya ce bara can ne, bana ruwa ya ci gefensa. Sannan ya ce in ɗauke ƙafata daga kan igiyar.